Jan Layi da Shuɗin Layi: Wanne Ne Jirgin Birnin Legas na Gaske?

Idan lissafin 'yan kwangila za a bi, babu ma abin da za a tsaya aunawa. Layin jirgin birni na farko a Legas, wanda hukuma ta raɗa wa suna Blue Line, mu kuma za mu kira shi Shuɗin Layi, an ba da kwangilarsa a 2009, amma fasinja mai biyan kuɗi bai sa ƙafa a cikinsa ba sai ranar 4 ga Satumban 2023. Shekara 14 ke nan, kuma abin da aka samu kilomita 13 ne kacal, daga Marina zuwa Mile 2, da tashoshi biyar. Ƙanensa Red Line, wato Jan Layi, an ƙaddamar da aikinsa a watan Afrilun 2021, Shugaba Bola Tinubu ya buɗe shi ranar 29 ga Fabrairun 2024, ya fara jigila ranar 15 ga Oktoba na shekarar. Kilomita 27, tashoshi takwas, daga Agbado ta jihar Ogun har Oyingbo, duk cikin shekara uku da rabi. Tsawo ninki biyu, lokaci kuwa rubu'i.

Sai dai wanda ke fita neman abinci da asuba ba ruwansa da kilomita. Abin da ya dame shi shi ne, in ya isa tasha, har yaushe zai tsaya kafin jirgi ya zo, kuma in wannan ya wuce shi, akwai wani a baya? A wannan sikelin layukan biyu ke musayar matsayi, kuma dalilin yana cikin tarihin yadda aka haifi kowannensu.

Jan Layi sabo ne a suna, amma hanyar da yake bi ta girmi Najeriyar kanta. A 1896 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa dogo daga Iddo, gaɓar da ke kallon tsibirin Ikko, ya isa Ibadan a 1901. Can Arewa aka ja wani daga Baro, bakin kogin Kwara, ya shiga Kano a 1911, a 1912 aka haɗe su suka zama reluwe guda. Ba don akawu ya isa ofis a kan lokaci aka yi wannan wahala ba. An yi ta ne don gyaɗa da auduga da fatu da kuza da koko su gangara bakin teku, kayan kanti su hauro. Amma duk inda jirgi ya tsaya sai kasuwa ta ci, kasuwa kuma ta ja gari. Haka Ebute Metta da Yaba da Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege suka yi ta bunƙasa a jere a gefen dogo, har suka haɗe suka zama ƙashin bayan Legas ta tudu. Hausawan Agege sun fi kowa sanin wannan labari. Goro ne ya zaunar da kakanninsu a can, jirgi kuma shi ke kwasar huhunan goron zuwa Arewa ya dawo da shanu. A kan wannan ciniki zangon Agege ya kafu.

Hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, NRC, wadda aka kafa a 1955, ta daɗe tana gudanar da jirgin safe da yamma a kan tsohon siririn dogon, daga Ijoko zuwa Iddo. Wanda ya taɓa tsayawa a Agege ko Oshodi wajen ƙarfe bakwai na safe a shekarun baya ba sai an kwatanta masa ba. Taragai cike maƙil, samari sun maƙale a bakin ƙofa da hannu ɗaya, wasu sun yi ɗare-ɗare a kan rufi, wasu sun tsaya a kan ƙarfen da ya haɗa tarago da tarago. A ƙasa kuma masu tumatir da kifi da gwanjo sun baza haja a kan dogon kansa. Jirgi ya yi ƙugi daga nesa, a naɗe buhu a ja baya taku biyu, ya wuce a hankali yana gogar lemar masu kaya, kafin ƙura ta kwanta an sake bazawa. An sha kama masu hawa rufi, washegari wasu su maye gurbinsu. Duk wani mai binciken da ke neman hujjar cewa wannan hanya na buƙatar jirgin birni, hujjar tana zaune a kan rufin nan shekara da shekaru.

Alhaji Lateef Jakande, gwamnan farar hula na farko a Legas, ya ga hakan tun da wuri. A 1983 aka aza harsashin aikinsa na Metroline, wanda kamfanonin Faransa za su gina daga Marina ya bi ta Yaba ya nufi Agege. Shekarar ba ta ƙare ba soja suka karɓi mulki, a 1985 gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin. Masu kare matakin sun ce farashin mai ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, ba a iya ɗaukar irin wannan kaya. Ko ma dai mene ne, sokewar ba kyauta ta zo ba, domin an ruwaito cewa asarar ta haura dala miliyan 78, an biya kuɗin jirgin da ba a hau ba. Wani ikon Allah, marigayi Buharin ne dai ya zo Marina ranar 24 ga Janairun 2023, yana shugaban farar hula, ya yanke ƙyallen buɗe Shuɗin Layi, shekara 38 bayan waccan sokewa.

A tsakanin nan Legas ta koma hannun motocin haya na molue da danfo. An mayar da babban birni Abuja a 1991, amma mutane ba su bi gwamnati ba, kullum ƙaruwa suke. Sai a 2002, zamanin gwamna Tinubu, aka yi dokar kafa LAMATA, hukumar tsara sufurin birnin, da tallafin Bankin Duniya. Ita ta fito da motocin BRT a 2008, ita kuma ta zana taswirar layukan jirgi ta raba musu launuka: shuɗi, ja, kore da sauransu.

A kan takarda, Jan Layi ya kamata a fara, tun da can jama'a suke. Amma filin dogon na NRC ne, tsarin mulki kuma ya ce harkar jirgin ƙasa ta tarayya ce ita kaɗai, ga shi kuma daga 1999 zuwa 2015 jam'iyyar da ke mulkin Legas daban, mai mulkin Abuja daban. Gwamna Babatunde Fashola sai ya juya yamma, inda babu dogon kowa. Ya ɗauki aikin faɗaɗa titin Legas zuwa Badagry ya zama mai hannu goma, ya bar tsakiyarsa don jirgi, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangila. Shirin kilomita 27 ne, daga Marina zuwa Okokomaiko, da tashoshi 13.

Nan aka gane cewa gina dogo daga tushe a cikin birni irin Legas ba wasan yara ba ne. Yankin Iganmu fadama ce, sai an kafa turaku masu zurfi kafin ƙasa ta ɗauki nauyi. Daga wajen Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa zuwa Marina dole jirgin ya hau sama a kan ginshiƙai, ya tsallake ruwa, ya kutsa tsakanin gadoji da tituna da suka riga shi. Ga diyyar masu gidaje da shaguna, ga bututai da wayoyin da sai an kawar. Uwa uba, jihar daga aljihunta take biya, kuma da naira ta faɗi a 2015 da 2016 sai duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabo. An ce za a gama a 2011, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har mutanen Orile suka saba da ganin tashoshin da aka gina babu jirgi. An ma taɓa shirya sayo tsofaffin taragan jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Toronto a Kanada, cinikin ya bi ruwa. Fashola ya gama zangonsa biyu, Akinwunmi Ambode ya yi shekara huɗu aikin na tafiyar hawainiya, sai a hannun Babajide Sanwo-Olu, da rancen bankunan cikin gida ƙarƙashin wani shiri na Babban Banki, aka kai rabin farko gaci.

Abin da aka samu bayan wannan dogon jira ya cancanci a dube shi da kyau. Ka shiga tashar Marina, ka dangwala katin Cowry a bakin shinge, ka hau sama inda ake jira. Jirgin da zai zo sabo ne fil, ƙirar kamfanin CRRC na birnin Dalian, an yi shi ne musamman don aikin cikin gari. Ƙofofinsa faɗi gare su kuma suna da yawa a kowane tarago, kujeru a jikin bango, tsakiya fili ne na masu tsayuwa. Ba hayaƙi, ba rurin inji, domin wuta yake sha daga wani ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a gefen dogo, mai ɗauke da lantarki mai ƙarfin bolt 750. Yana tashi sai ka ga ruwa a ƙarƙashinka, ga gadar Eko a gefe motoci sun yi cirko-cirko a gosulo, ga rufin Gidan Wasan Kwaikwayo da aka gina don bikin FESTAC na 1977. Wajen minti ashirin ka sauka a Mile 2, tafiyar da a ranar da hanya ta cushe takan cinye awa biyu.

Wannan ƙarfe na uku shi ne sirrin layin, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Duk wanda ya taka shi sai dai wani ba shi ba, saboda haka dole aka katange dogon daga farko har ƙarshe. Ba mota mai tsallakawa, ba mai talla, ba akuya. Kuma da yake an san halin wutar ƙasarmu, sai aka yi wa layin tashar lantarki tasa. A makonnin farko ma da kan jirgi mai shan dizal aka riƙa jan taragan, sawu 12 a rana. Da aka kunna wuta a watan Oktoban 2023 sai sawu ya koma 54, a 2024 ya kai 72. LAMATA ba ta nemi izinin kowa ba kafin ta ƙara. Dogon nata ne, wutar tata ce, jadawalin ma nata ne.

Saurin da Jan Layi ya yi kuwa, in an bi diddigi, saurin aro ne. Gwamnatin tarayya ce ta ciyo bashi daga Sin ta shimfiɗa sabon faffaɗan dogo mai hannu biyu daga Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, wanda a cikin Legas ya bi wancan tsohon fili na 1896. An fara a 2017, Buhari ya buɗe a watan Yunin 2021. A lokacin jam'iyya ɗaya ke riƙe da Legas da Abuja, sai aka daidaita cewa jiragen jihar za su riƙa bin wannan dogo a kusan dukkan tsawon tafiyarsu. Abin da ya rage wa Legas shi ne ta gina tashoshi, ta yi gadojin sama, ta nemo jirage. Aiki ne babba, musamman tashar Ikeja, amma ba a haɗa shi da na wanda ya fara daga share fili ba. Idan aka ƙirga shekarun aikin tarayya, shekara uku da rabin nan ta koma bakwai.

Jan Layi ɗan haya ne a gidan NRC. Ya tarar da ɗaki a shirye, bai sayi bulo ko ɗaya ba, amma mai gida ke faɗin lokacin buɗe ƙofa da rufewa. A kan dogon nan akwai jirgin Ibadan, wanda ba ya tsayawa a Mushin ko Oshodi. Akwai jirgin kwantena da ke tasowa daga tashar ruwa ta Apapa zuwa Moniya ta Ibadan, mai nauyi da jan jiki. Jirgin birni kuwa aikinsa ke nan ya tsaya a kowace tasha. Idan za a jera waɗannan iri uku a hanya ɗaya, dole a bar rata mai yawa a tsakaninsu, don kada mai gudu ya cim ma mai tsaye, kuma duk jirgin da ya makara sai ya ja wa na bayansa. Gaskiya dai jiragen NRC ɗin ba su da wani yawa a rana, saboda haka ba za a ɗora wa zaman haya laifin duka ba, ƙarancin jiragen jihar kansu yana da nasa kaso. Amma sakamakon a bayyane yake. Layin ya fara da 'yan sawu ƙalilan safe da yamma, sai a watan Fabrairun 2025 aka ƙara suka zama biyar da safe, huɗu da yamma. Tara a kan kilomita 27 masu cike da mutane, alhali ɗan guntun Shuɗin Layi a lokacin yana yin 72.

Jirgi mai sawu tara na ma'aikacin ofis ne, mai shiga ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe biyar. Legas kuwa ba irin waɗannan ne suka fi yawa a cikinta ba. Mahaucin da ya gama da mayankar Oko-Oba da hantsi yana son kai nama Oyingbo, mai gyaran waya a Computer Village da kwastoma ya tsare shi har bayan isha'i, malamar asibiti mai aikin dare, ɗalibin Yaba da aka tashi darasi da azahar, duk waɗannan in sun je tasha sai su tarar ba jirgi, su koma wa danfo da ihun kwandasta. Wanda kuma ya sha zuwa tasha a banza, ko ranar da akwai jirgin ba zai tuna da shi ba. Fasinjan Shuɗin Layi ba ya haddace jadawali. Ya san in ya je, ba da jimawa ba wani zai zo.

Jiragen da aka saya wa Jan Layi ma suna da labarinsu. A watan Janairun 2022 Sanwo-Olu ya je Milwaukee ta Amurka ya sayo jirage biyu ƙirar kamfanin Talgo. Jihar Wisconsin ce ta yi odarsu a 2009 don zirga-zirga tsakanin birane, sai aka zaɓi sabon gwamna, Scott Walker, wanda ya juya wa shirin jirgin baya, jiragen suka yi wajen shekara goma a ajiye ba su ɗauki kowa ba. Daga Ingila kuma aka sayo tsofaffin jiragen nan masu suna InterCity 125, irin waɗanda suka fara aiki tun 1976. Dukkansu jirage ne masu nagarta, kuma an same su da wuri, ba a jira masana'anta ba. Matsalar ita ce an ƙera su ne don doguwar tafiya, mutum ya zauna ya miƙe ƙafa awa biyu ko uku. Kujeru sun cinye fili, ƙofofi kaɗan ne kuma a ƙarshen tarago. Ka kawo irin wannan jirgi Oshodi da safe, ɗaruruwan mutane na son fita, wasu ɗaruruwan na son shiga ta 'yar ƙofa guda, minti nawa za a ɓata? Ninka wannan sau takwas. Ga shi kuma dizal suke sha, wanda ya fi lantarki tsada, kuma ba sa zabura da sauri daga tsaye. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Gwamnatin jihar ma ta san haka, shi ya sa ta koma Sin neman sababbi.

Akwai wani alheri da ba za a hana wa Jan Layi ba, wanda har wanda bai taɓa shiga jirgin ba yana morewa. Ranar 9 ga Maris 2023 jirgin NRC ya yi awon gaba da motar ma'aikatan gwamnatin jihar a mahaɗar PWD kusa da Ikeja, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Irin waɗannan mahaɗai, inda titi ke tsallake dogo a ƙasa, sun daɗe suna cin rayuka, suna kuma tare hanya duk sanda jirgi zai wuce. Aikin Jan Layi ne ya kawo gadojin sama na Yaba da Oyingbo da Ikeja da Mushin. Waɗannan za su tsaya ko da an canza jirage sau goma, kuma duk wani gyara da za a yi wa layin nan gaba a kansu zai dogara.

To, kada a ɗauka Shuɗin Layi ya fita fes. An yi ta shelar cewa rabin farkon zai iya ɗaukar mutum 250,000 a rana. Da ya cika shekara guda, hukuma da bakinta ta ce ya ɗauki kimanin mutum miliyan biyu. Raba wannan da kwanakin shekara, bai kai 6,000 a rana ba, a birnin da miliyoyi ke fita kowace safiya. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Jirgin ya tsaya a Mile 2, jama'ar kuma suna gaba: Festac, Alakija, kasuwar Trade Fair, jami'ar LASU, kasuwar Alaba Rago inda 'yan Arewa suka yi suna wajen cinikin tumaki, har Okokomaiko. Wanda ya taso daga can ya riga ya sha mafi yawan wahalar hanya kafin ya iso Mile 2. Sai ya sauka daga mota, ya hau gada, ya sake biyan wani kuɗi. Da yawa sukan ce tun da an riga an zauna, a ƙarasa a haka. Jan Layi ma da irin tasa naƙasar ta ɗaya gefen, domin ya kwaso mutane tun daga Agbado ya zube su a Oyingbo, tsibirin da suka nufa yana tsallaken ruwa. Layukan biyu har yanzu ba su haɗu ba, ba a sauka daga wannan a shiga wancan.

Batun kuɗi kuma duk su biyun yana cizo. Shuɗin Layi ya fara da naira 750 daga farko zuwa ƙarshe, aka yi rangwamen rabi na ɗan lokaci saboda raɗaɗin cire tallafin mai. Jan Layi ya fara da naira 1,500, daga baya aka rage zuwa 1,000. Ɗauki wannan ragaggen farashi, zuwa da dawowa, kwana 22 na aiki a wata: naira 44,000 ke nan, a jihar da ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 85,000 a ƙarshen 2024. Fiye da rabi ya tafi, ba a sa kuɗin keke daga gida zuwa tasha ba. Acaɓa kuma, wadda da ita ake cike wannan giɓi, kuma sana'ar dubban samarinmu ce, an hana ta tun 2022 a ƙananan hukumomin da tashoshin Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba da Oyingbo suke. Ba mamaki har yau tsohon jirgin NRC mai araha bai rasa masu hawa ba.

Wani zai ce, tun da haka ne, ai mallakar dogo ba ita ce komai ba. Gaskiyarsa. Abuja shaida ce. Jirginta na cikin gari yana da dogonsa shi kaɗai, an buɗe shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai Mayun 2024, kuma da ya dawo kyauta aka riƙa ɗaukar mutane. Tashoshinsa da dama suna nesa da inda talakawa ke kwana, su Nyanya da Mararaba ba su san da shi ba. Dogo naka ne, amma in ba ya bi ta ƙofar mutane, taragai za su yi ta yawo da iska.

Alƙahira ce ta nuna yadda ake cin moriyar tsohon dogo ba tare da an zama ɗan rakiya ba. A daidai shekarun da Legas ke soke Metroline, Masar tana aikin layinta na farko, ita ma da kamfanonin Faransa, ta buɗe shi a 1987. Ba daga tushe suka gina shi duka ba. Sun ɗauki tsofaffin layukan bayan gari guda biyu, na Helwan a kudu da na El Marg a arewa maso gabas, suka haƙa rami a ƙarƙashin tsakiyar birni suka haɗe su, suka katange, suka sa wa duka wuta, suka miƙa wa jirgin birni shi kaɗai. Yau kusan shekara 40 yana ɗaukar jama'a ba ƙaƙƙautawa. Dabarar Jan Layi ta bin tsohuwar hanya daidai ce. Inda aka tsaya rabin hanya shi ne da aka yarda a raba dogon da jirgin Ibadan da na kaya.

In an tilasta mini in zaɓa, Shuɗin Layi zan ba, duk da jinkirinsa da tsadarsa da ƙarancin fasinjansa. Ciwonsa gajarta ce, maganin kuma an san shi, ana ma kan aikin: a ƙarasa kilomita 14 da suka rage zuwa Okokomaiko, a ƙaro jirage, ba sai an roƙi kowa ba. Ciwon Jan Layi ya fi zurfi. Kafin ya zama jirgin birni na sosai sai ya samu nasa dogon mai hannu biyu a gefen na NRC, a cikin filin da gidaje da kasuwanni suka matse ta ko'ina, sai an sa masa wuta, an canza jirage, an tsallaka da shi ruwa zuwa Marina. Wato aikin da aka ga kamar an tsallake a 2021 yana nan yana jira, kuma kullum ƙara tsada yake. Sauƙin da aka samu ɗaya ne: a watan Maris 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi sun samu ikon gina jirgin ƙasa da gudanar da shi, saboda haka uzurin cewa doka ta hana ya ƙare.

Yanzu kuma ga zancen Koren Layi ya taso, kilomita 68 daga Marina zuwa yankin Lekki, har an sa hannu a yarjejeniya da wani kamfanin Sin a watan Satumban 2024. Sabon aiki ya fi daɗin tallatawa, ballantana wanda zai bi ta unguwannin masu hali. Amma mutanen Agege da Mushin da Okokomaiko su suka fara shiga layi, wasunsu tun 1983. Ya kamata gwamnatin Legas ta kai Shuɗin Layi Okokomaiko, ta haɗa Oyingbo da Marina, ta ba Jan Layi dogonsa, kafin ta kafa ginshiƙi ko ɗaya a hanyar Lekki.